Yadda Ake Ɗaga Tsohuwar Mota a Tokare Ta Ba Tare da An Yi Mata Lahani Ba

Wanda ya ajiye Fijo 504 da ya gada daga mahaifinsa, ko Marsandi irin ta farkon shekarun 1980, ko Volkswagen Beetle da ya ƙi yarda ya rabu da ita, wata rana dole ne ya buƙaci ɗaga ta daga ƙasa, ko don sauya taya, ko don duba burki, ko don gano inda baƙin mai yake ɗiga. A wannan ɗan aikin da kowa yake ɗauka mai sauƙi ne ake yi wa tsofaffin motoci ɓarna mafi yawa. Dalili kuwa shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashinsu ba shi ne wanda ya fito daga masana'anta ba. An fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma a wannan shekarar aka fara harhaɗa Volkswagen a Legas, saboda haka motar da ta fito a wancan zamani ta yi kusan shekara hamsin tana cin laka da ruwan damina. Wurin da littafin mota ya ce a sa jak yana nan, amma ko har yanzu yana iya ɗaukar nauyi, wannan sai an bincika.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yaron bakanike yana ɗaga wata 504 fara wadda fentinta yake sheƙi kamar ranar aka fito da ita. Ya tura jak ƙarƙashin dokin ƙofa, ya yi famfo sau biyar ko shida, jak yana tashi amma motar ba ta motsa ba. Sai aka ji wata ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, jan gari da ɓarɓashin fila, wato ƙullin da masu gyaran bodi suke cike rami da shi, suka zubo a kan hannun jak ɗin. Kan jak ɗin ya huda ƙarfen ya shige ciki, kuma daga ranar ƙofar gaba ta daina rufuwa sai an ɗaga ta da hannu. Ba wanda ya ji ciwo, amma an yi wa motar raunin da sai da walda ya gyaru.

Sanin irin ginin motar

Kafin a taɓa jak, a fara sanin yadda aka gina motar, domin daga nan ne ake gane inda ƙarfinta yake. Akwai motocin da suke da shasi nasu daban, wato manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya kamar tsani, aka ɗora bodi a kansu. Tsohuwar Land Rover haka take, kuma a irinta shasin da aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu, su ne wuraren ɗagawa. Bodinta galibi na alminiyam ne, yana lanƙwashewa da ɗan matsi kaɗan. Akwai kuma waɗanda bodin shi ne shasin, an naɗe fallayen ƙarfe an yi musu walda sun zama akwati guda mai ɗaukar kansa. Fijo 404 da 504 masu ƙofa huɗu da Marsandi W123, wadda aka fara sayarwa a 1976, duk irin wannan gini ne. A irinsu ƙarfin yana taruwa ne a wurare ƙalilan: dogayen ƙarafa masu kama da akwati da ke bin ƙarƙashin daɓen motar, da ƙarfen da ya gitta a ƙarƙashin injin, da wuraren da aka ɗaure ƙafafun baya. Sauran daɓen siririn falle ne wanda kaurinsa bai fi milimita guda ba, ba a yi shi don ya ɗauki motar a wuri guda ba.

Beetle tana tsakanin biyun. Tana da faranti mai ƙashin baya a tsakiya, an ɗaure bodi a kansa da kusoshi. Wuraren da suka fi ƙarfi a jikinta su ne bututun ƙarfe biyu da suka gitta a gaba, waɗanda ƙafafun gaba suke riƙe da su, da kuma babban bututun da ya gitta a gaban tayoyin baya. Faffaɗan daɓen da ke ƙarƙashin kujeru ba wurin jak ba ne ko kaɗan, haka ma gindin injin, domin kaskon injin Beetle na magniziyam ne, ƙarfe mara nauyi mai saurin tsagewa.

Gwajin ƙarfe

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. A sami tocila mai haske da sukundireba da ƙaramar guduma, a kwanta a gefen motar tana kan tayoyinta, a kankare laka da tsohon kwalta daga wurin da ake son sa jak, a share shi har ƙarfe ya bayyana. Sannan a ƙwanƙwasa a hankali. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsini, guduma tana dawowa; wanda tsatsa ta cinye daga ciki yana yin sauti a dakushe, wani lokaci a ji ɓarɓashi yana zuba a cikin akwatin. A danna bakin sukundireba da ƙarfi, idan ya lotsa ko ya shiga, an sami amsa. Ƙaramin maganaɗisu yana taimakawa wajen gano inda mai gyaran bodi ya cike rami da fila ya bi da fenti, domin maganaɗisu ba ya kama fila mai kauri.

Kada bushewar ƙasarmu ta yaudari mutum. Gaskiya ne motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram ba ta cika ruɓewa kamar wadda ta zauna a bakin teku ba, amma jar laka takan toshe ƙananan hujojin da aka bari don ruwa ya fita daga dokin ƙofa, sai ruwan damina ya kwanta a ciki ya yi ta cin ƙarfen shekara da shekaru ba tare da an ga alama a waje ba. Motocin da aka shigo da su ta Kwatano kuwa da yawansu sun yi shekaru a kan titunan Turai da ake barbaɗa wa gishiri lokacin ƙanƙara. Marsandi W123 tana da ramukan jak a jikin dokin ƙofa waɗanda aka toshe da marufi, kuma kewayen waɗannan ramuka yana cikin wuraren da tsatsa ta fi kamawa a wannan mota. Haka ma ramin jak na Beetle da ke ƙarƙashin matakala, gaban tayar baya, wanda yake maƙwabtaka da bututun iska mai ɗumi da ke bin gefen bodi. Idan waɗannan wurare sun nuna shakka, a bar su, a koma kan aksul ko ƙarfen gitta.

Wuri da kayan aiki

Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya kuma mai tauri. Daɓen siminti shi ne ya fi. Rairayi da ƙasar da aka yi wa ruwa jiya ba su riƙe ƙafar jak, kuma kwalta a zafin watan Afrilu yakan yi laushi har ƙafafun ƙarfe su nutse a cikinsa a hankali, motar ta karkace bayan an riga an shiga ƙarƙashinta. Idan ba makawa sai a kan ƙasa, a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri ko farantin ƙarfe ƙarƙashin jak da kowane matokari.

Jak ɗin da ya zo da motar an yi shi ne don sauya taya a gefen hanya, ba don a shiga ƙarƙashi ba. Don aiki a gida, jak mai tayoyi da dogon hannu wanda yake ɗaukar tan 2 ya wadatar, tunda 504 nauyinta bai wuce wajen kilo 1,200 ba, W123 wajen kilo 1,400, Beetle kuwa wajen kilo 800, kuma jak ɓangare guda kawai yake ɗauka. Jak mai siffar kwalba yana da ƙarfi ƙwarai amma kansa ƙarami ne, gindinsa ma ƙarami, shi ya sa ya fi dacewa da aksul ɗin Land Rover ko a-kori-kura fiye da bodin ƙaramar mota.

Abin da zai riƙe motar shi ne matokaran ƙarfe masu ƙafa uku ko huɗu, waɗanda ake daidaita tsayinsu da fil ko da haƙora. A lura cewa nauyin da ake rubutawa a jikinsu sau da yawa na guda biyu ne a haɗe, ba na ɗaya ba. A duba waldar ƙafafunsu, musamman waɗanda aka ƙera a kasuwa, kuma kada a maye gurbin fil ɗin da ya ɓace da ƙusa ko guntun rodi. Bulon siminti haramun ne a wannan aiki: yana da rami a ciki, kuma ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, fashewa yake yi gaba ɗaya. Tsofaffin rim da aka ɗora a kan juna, waɗanda ake gani a gareji da yawa, suna zamewa. Idan babu matokari, gara a jera guntayen katako masu kauri da tauri, biyu a tsaye biyu a gicciye, hawa bisa hawa, kamar yadda ake jera itace. Sai kuma waigi, wato abin da ake cusa wa taya don kada ta gangara, guda biyu aƙalla, da guntun katako mai tauri ko roba mai kauri da za a sa tsakanin kan jak da jikin mota. Katakon a sa shi ta yadda ƙarfe zai danne shi a gicciyen zarensa, in ba haka ba zai tsage biyu.

Hana motar gangarawa

A kashe injin, a sa giya ta ɗaya, a ja burkin hannu, a sa waigi gaba da bayan tayar da za ta zauna a ƙasa. Mutane da yawa suna dogara da giya da burkin hannu su manta da waigi, alhali a Fijo da Marsandi da Beetle burkin hannu tayoyin baya yake kamawa, kuma injin ma baya yake turawa. Da zarar an ɗaga baya, babu abin da yake riƙe motar sai waigin da ke tayoyin gaba. Ko taya guda aka ɗaga a baya, giya ta daina amfani, domin haƙoran da ke cikin aksul suna barin tayar da ke sama ta juya yayin da ta ƙasa take gangarawa.

Tsohuwar Land Rover ta fi kowace haɗari a nan, saboda burkin hannunta ba a kan tayoyi yake ba, yana bayan giyabos ne, yana kama sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul. Wanda ya ja shi ya ɗaga tayar baya guda ɗaya, to kamar bai ja komai ba. A irinta sai a sa waigi a tayoyi biyu, a kuma shigar da giyar da ke haɗa ƙafafu huɗu.

Tun motar tana ƙasa ake sassauta notin taya, kwata ko rabin juyi kawai. Duk wani noti da ake tsammanin zai yi gardama a karya ƙarfinsa yanzu. Babban notin aksul na bayan Beetle, mai milimita 36, ana ɗaure shi da ƙarfin da ya ninka na notin taya fiye da sau biyu, kuma wanda ya tsaya a kan dogon bututu yana son kwance shi alhali motar tana kan matokari, jawo ta ƙasa zai yi.

Ɗagawa

A rufe ƙofofi duka, domin a motar da bodinta ne shasinta rufaffun ƙofofi suna taimakawa wajen riƙe siffarta. A dubi tazarar da ke tsakanin kowace ƙofa da jikin mota a riƙe ta a ido, saboda za a sake dubawa.

Don ɗaga gaban 504 ko makamanciyarta, a tura jak daga gaba zuwa tsakiyar ƙarfen gitta da ke ƙarƙashin injin, da katako a kansa. A durƙusa a tabbatar da ido cewa katakon ƙarfen gitta ya taɓa, ba kaskon baƙin mai ba, ba sandunan sitiyari ba, ba gindin lagireto ba, ba kuma siririn farantin da ake sawa don kare injin daga duwatsu ba. Lotsa kaskon mai da kaurin yatsa guda yana iya toshe bakin famfon mai da ke ciki, kuma ba za a gane ba sai injin ya fara ƙwanƙwasa.

Baya yana buƙatar a leƙa a ga irin aksul ɗin. Idan ƙarfe guda ne miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, kamar na 504 doguwa mai ɗaukar fasinja da a-kori-kura da Land Rover, ana iya sa jak ƙarƙashin ƙullutun tsakiya, a kauce wa murfin da ake zuba mai, ko kuma a ɗaga gefe-gefe kusa da sifirin. Idan kuwa kowace taya tana da hannunta daban, kamar a W123 da wasu 504 masu ƙofa huɗu, ƙullutun tsakiyar a rataye yake a kan roba, kuma robar da ta shekara arba'in tana iya yagewa idan aka ɗora mata rabin mota. A irin wannan na fi son a ɗaga gefe guda a tokare, sannan a koma ɗaya gefen.

A yi famfo a hankali har katako ya kama, a tsaya a sake dubawa, sannan a ci gaba har taya ta rabu da ƙasa da kaurin yatsa biyu, a sake tsayawa a saurara. Ƙarar sifirin da ke miƙewa ba komai ba ce, amma ƙarar ƙarfe yana murƙushewa, ko ganin tazarar ƙofa ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, alama ce ta a sauke nan take. Bodin da ya murɗe yana iya tsaga gilashin gaba, kuma samun gilashin 404 a yau ba ƙaramin yawo ba ne. Akwai wani abu game da jak mai tayoyi da ba kowa ya lura da shi ba: hannunsa ba miƙe yake tashi ba, lanƙwasowa yake yi ta wajen mai famfo, saboda haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ƙarƙashin motar kaɗan-kaɗan yayin da take tashi. Idan tsakuwa ta tare tayoyinsa, ko sun nutse a ƙasa, to motar zai jawo, ko kansa ya zame daga inda aka sa shi. A share gabansa kafin a fara.

Tokarewa

Jak ɗagawa kawai yake yi. Abin da yake riƙe nauyin a cikinsa mai ne da 'yan zobban roba, kuma zobe guda idan ya gaji motar tana iya saukowa cikin ƙiftawar ido. Za a ji wasu suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wanda ya kwanta ƙarƙashin tan guda da ke tsaye a kan zoben roba shi ya gayyato ranar. Ko hannu kada a miƙa ƙarƙashin motar fiye da abin da tura matokari yake buƙata.

A sa matokarai biyu a tsayi ɗaya, dama da hagu, a wuraren da aka riga aka gwada, kuma a nesanta su da juna gwargwadon iko domin faɗi shi ne yake hana karkata. A kan miƙaƙƙen aksul wurinsu kusa da sifirin ne. A bodi kuwa ƙarƙashin dogayen ƙarafan daɓe, da katako a tsakani don nauyin ya bazu. A kula da siraran bututun man burki da na fetur da suke bin gefen waɗannan ƙarafa, domin matse su abu ne mai sauƙi. Sannan a buɗe jak a hankali ƙwarai, motar ta zauna a kan matokaran, a duba cewa kowace ƙafar matokari tana taɓa ƙasa. Daga nan a tsaya a gefe a girgiza motar da ƙarfi, gaba da baya, dama da hagu. Idan za ta faɗi, gara ta faɗi yanzu. Bayan haka a mayar da jak ya taɓa wurinsa ba tare da ya ɗauki nauyi ba, a kuma tura tayar da aka cire ta kwanta ƙarƙashin dokin ƙofa, ta zama kariya ta uku.

Idan ana son tayoyi huɗu a sama, kada a kai gaba ƙololuwa lokaci guda. A ɗaga gaba zuwa matsakaicin tsayi a tokare, a ɗaga baya daidai da shi a tokare, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Lokacin ɗaga ɓangare na biyu ne matokaran farko suka fi karkacewa, don haka a riƙa leƙa su bayan kowane famfo biyu ko uku.

Cire abu mai nauyi yana sauya daidaiton motar. Beetle da aka zare wa injin bayanta yakan yi sakayau, 504 da aka cire wa injin da giyabos kuma gabanta ne yake yin haka, saboda haka matokaran da suka zauna daram da safe suna iya zama a wurin da bai dace ba da yamma. Idan an tokare bodi aka bar aksul yana lilo, a duba tiyon burki na roba kada nauyin aksul ya rataya a kansa. Wanda ya ci karo da tsohuwar Citroën irin DS, wadda ta fito a 1955, ya sani cewa tsayinta na matsin mai ne ba na sifirin ba. Tana iya ɗaga kanta, kuma tana iya zubewa ƙasa da zarar an taɓa bututu ko sandar daidaita tsayi, don haka tsayin da ta ba kanta ba abin shiga ƙarƙashi ba ne sai an tokare. A kowane hali, a sami wani a kusa da zai ji kira, a kuma hana yara shiga motar ko jingina da ita.

Saukewa

A fitar da kayan aiki da tayar da aka kwantar, a mayar da tayoyi a ɗaure noti da hannu har su zauna, a ɗaga motar kaɗan daga inda aka ɗaga ta da farko, a zare matokarai, a sauke a hankali. Buɗe jak da gaggawa yana sa motar ta faɗo a kan tsofaffin shokazoba da sifirin da ba su da sauran juriya. Sai tana ƙasa ake ƙarasa ɗaure noti, ana tsallakawa daga wannan zuwa na ɗaura da shi. 404 mai ƙofa huɗu noti uku ne da ita a kowace taya, 504 mai ƙofa huɗu kuwa huɗu, kuma ƙarancin nan yana nufin kowane ɗaya yana da muhimmanci. Idan an sauya robobin hannun ƙafa, kusoshinsu ma sai nauyin motar yana kan tayoyi ake ɗaure su, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

Mai Beetle kada ya firgita idan ya ga tayoyin baya sun shige ciki ta ƙasa, bayan motar ya yi tsayi. Haka aksul ɗinta yake yi, kuma da an tura ta 'yan taku gaba da baya za ta koma daidai. Kafin a tashi, a taka burki sau da yawa har ya yi tauri, a buɗe kowace ƙofa a rufe a ji ko tana shiga kamar da, a leƙa wuraren da jak da matokarai suka taɓa. Inda fenti ya goge a shafa masa fenti ko giris tun kafin damina ta same shi. Bayan tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka, a sake bin notin tayoyin da sufana.